'Yata ta karanta labarin 'yar talla ta birkice mana a gida, in ƙwace littafin ne?

Wata Hajiya daga unguwar Rayfield a Jos ce ta turo wannan tambayar, bari in taƙaita ta don a san inda aka dosa. 'Yarta shekara 15 tana SS1, an ba su wani littafin labari a makaranta a kan wata yarinya mai tallar awara da ƙaninta, an fitar da kuɗin gyaran makarantarsu ɗan kwangila da wasu manya suka raba a tsakaninsu, da damina ta zo rufin aji ya rufto kan yara. Tun da yarinyar ta gama karantawa ta canja, ta hana a zubar da ragowar abinci, ta yi faɗa da maigadi don ya kori almajirai, ranar nan har ta tambayi babanta ina ya samu kuɗin sabuwar mota, kuma kullum maganarta ɗaya ce, "ƙasar nan kowa ɓarawo ne". Hajiya tana so ta sani, irin waɗannan littattafan sun dace da yara kuwa, ta ƙwace ne ta je ta sami makarantar?

Toh Hajiya, kar ki ƙwace. Ƙwace littafi bayan ta gama karantawa kamar ƙwace kofi ne bayan an shanye shayin, abin ya riga ya shiga jikinta. Ni adabi nake koyarwa a sakandare nan Jos shekaru da dama, kuma duk Asabar ina zama da yara muna karatun labarai, akwai 'ya'yan masu hali irin taki akwai kuma yaran Gangare da Dilimi da Unguwar Rogo waɗanda wasunsu sai sun sauke farantin talla suke zuwa. Abin da 'yarki ta yi na gan shi ya fi a ƙirga, kuma a cikin duk abin da kika lissafa abu ɗaya ne kawai ya dame ni, zan zo kansa.

Littafi ɗaya ne amma yadda yara ke karɓarsa ya danganta da gidan da suka fito. 'Ya'yan da ba su san yunwa ba kuka suke yi, daga kuka sai jin kunyar abin da suke da shi, sai ki ga yarinya ta kwaso takalmanta da kayan sallarta tana neman wanda za ta ba, ta fara kallon mai aikin gidanku da wani ido daban. Wannan alheri ne wallahi, zuciyarta a raye take. Matsalarsa kawai baya daɗewa in ba a kula da shi ba, sati biyu uku ya wuce, wani lokacin kuma ya rikiɗe ya koma irin tausayin nan mai ƙasƙantar da mutum, wanda ake kallon yaron talaka kamar ba shi da wayo ba shi da dariya ba shi da komi sai wahala.

Su kuwa yaran da rayuwarsu ce ake ba da labari, da wuya ki ga hawaye. Su binciken ƙwaƙwaf suke yi wa marubucin. Za su ce miki Malama ƙarya ne, ba a sayar da farantin awara kaf kafin azahar in ba ranar kasuwa ba ce ko bakin makaranta lokacin tashi, za su ce ai ba haka uwa take magana ba in ciniki bai cika ba, ba zagi take fara yi ba shiru take yi tana sake ƙirga kuɗin, kuma shirun ya fi zagin ciwo. Sun san wanda ke karɓar kuɗin wurin zama a bakin tasha, sun san mai cin awarar ɗari biyu ya ce gobe zai biya, sun san irin mazan da ke cewa yarinya ta shigo da farantin cikin shago. In marubuci ya yi kuskure a waɗannan ƙananan abubuwan shikenan ya faɗi a wurinsu, dariya za su yi ta yi, in kuma ya dace sai ki ji aji ya yi tsit. Na sha jin yaro ya ce "wannan marubuciyar ta taɓa yin talla", kuma a bakinsu babu yabon da ya kai wannan.

Akwai kuma waɗanda ke yin shiru saboda kunya, kuma wannan ina so malamai 'yan uwana su ji da kyau. In ana karanta irin wannan labarin da ƙarfi a aji, duk inda aka zo wurin yagaggen yunifom ko wanda aka kora saboda kuɗin jarrabawa, akwai yaron da sauran ke waiwayowa su kalla. Shi wannan yaron ba darasi yake ɗauka ba a ranar, addu'a yake a kaɗa ƙararrawa. Don haka ni ban taɓa nuna yaro in ce "kai da ka san abin ba mu labari" ba, in ya ga dama zai yi magana da kansa, galibi ma bayan an tashi yake zuwa.

Inda suka fi yin gardama shi ne ƙarshen labari. Yawancin irin waɗannan littattafan suna ƙarewa ne da wani Alhaji mai kirki ko wata mata daga ƙungiyar agaji ta ɗauki nauyin yarinyar, ta yi karatu ta zama likita ko lauya. 'Ya'yan masu hali suna son wannan ƙarshen sosai, hankalinsu yana kwanciya su rufe littafin su yi barci. Yaran talla kuwa haushi yake ba su, tambayarsu kullum ita ce sauran yaran layin fa, su wa ya ɗauke su? Kuma ɗan kwangilar da aka kama a shafin ƙarshe, suna cewa a ina ake kama irinsa ya kwana biyu a ciki? Gaskiya ina tare da su a nan. Labarin da ya ceci yarinya ɗaya ya bar tsarin da ya jefa ta talla yadda yake, ya lallashi mai karatu ne kawai. Amma kuma ban yarda da marubutan da ke kashe kowa a ƙarshe don a ce sun faɗi gaskiya ba, yaro ɗan shekara 14 yana buƙatar ya ga ƙofa ko da ƙarama ce.

Manya kuma nasu martanin daban. Abin da na fi ji daga iyaye shi ne tonon asiri ne, ɓata sunan Arewa ne, ana koya wa yara raina na gaba. Wannan fargabar ba sabuwa ba ce, tun da adabin kasuwar Kano, wato littattafan labaran Hausa da ake bugawa ana sayarwa a kasuwa, ya bunƙasa a shekarun 1980 ake wannan rigimar, a 2007 ma har ƙona littattafan Hausa aka yi a Kano a ƙarƙashin shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin jihar mai suna A Daidaita Sahu, duk da dai waɗancan yawanci na soyayya ne. Karatun bai tsaya ba, waya ya koma. Yau yarinya tana kwance a ɗaki tana karanta labari a Wattpad ko a guruf ɗin WhatsApp, babu edita babu malami babu wanda ya duba, wasu ma da kuɗin katinta take biya a saka ta a ciki. Kin ga kenan wanda makaranta ta bayar a takarda, wanda za ki iya ɗauka ki buɗe ki gani, shi ne mafi sauƙin al'amari a cikin abubuwan da take karantawa.

Ba wai masu sukar ba su da gaskiya ko kaɗan ba. Akwai littattafan da talauci ne hajarsu, an rubuta su ne don wani a Ingila ko Amurka ya karanta ya girgiza kai, kowane shafi ƙuda da majina da duka, ba wanda ke wasan 'yar gala-gala ba wanda ke tsokanar kakarsa ba ranar sallah. Wanda ya zauna a unguwar talakawa ya san ba haka rayuwa take ba. Ni abu biyu nake dubawa kafin in ba yara littafi. Yaron da ke cikin labarin mutum ne mai dabara da laifi da abin dariya, ko kuwa an ajiye shi ne kawai don a tausaya masa? Sannan labarin ya nuna yadda satar take tafiya hannu zuwa hannu, ko kuwa ya kawo wani mugu mai ƙaton ciki ne ya ɗora masa komi? In ya ci waɗannan biyun ina bayarwa ko da akwai ɗaci a ciki.

Kuma Hajiya mu faɗa wa juna gaskiya, ba a littafi 'yarki ta fara ganin abin nan ba. Tana firamare a Oktoba 2020 lokacin da jama'a suka fasa rumbun kayan tallafin korona a Bukuru, mutane har kan rufi suna yaye kwano suna fito da buhuna, gwamnati ta ce ajiyewa aka yi za a raba, jama'a suka ce ɓoyewa aka yi ana yunwa, bidiyon babu wayar da bai shiga ba. Tana wucewa ta Terminus da Farin Gada a mota tana ganin sa'o'inta da faranti a ka lokacin da ya kamata suna aji, tana ganin almajirai a sanyin Disamba na Jos da riga ɗaya ba takalmi, sanyin da mu da rigar sanyi biyu ma muke rawar ɗari. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da rahoto a 2022 cewa mutum miliyan 133, wato kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci ta fuskoki da yawa, ba rashin kuɗi kawai ba har da rashin makaranta da asibiti da ruwa mai tsabta. Daga baya aka cire tallafin mai a Mayu 2023 komi ya ƙara tashi. Duk tana gani ta gilashin mota, abin da littafin ya yi shi ne ya ba ɗaya daga cikin yaran nan suna da uwa da ƙane, shi ya sa yanzu ta kasa kawar da kai.

Yanzu ga abin da ya dame ni. Ba kukan ba, ba faɗa da maigadi ba, wannan maganar ce ta "kowa ɓarawo ne". Ita ce mai haɗari, don na ga inda take kai yara. Yaron da ya yarda yana shekara 15 cewa kowa ci yake, in ya kai SS3 aka ce a kawo kuɗi a kai shi santar da ake rubuta amsa a allo lokacin WAEC ko NECO ba zai ga laifin abin ba, ai kowa ma haka yake yi. In ya kai 25 ya samu kujera sai ki ji yana cewa nima lokacina ne, in ban ci ba wani zai ci. Fushi da yanke ƙauna ba abu ɗaya ba ne ko da yake a bakin yaro suna kama da juna. Mai fushi har yanzu yana ganin abin bai kamata ba, wanda ya yanke ƙauna kuwa ya riga ya sallama, jira kawai yake layi ya zo kansa. Aikinki a matsayin uwa ki riƙe mata fushin ki raba ta da yanke ƙaunar, kuma ƙwace littafi akasin haka zai yi, zai tabbatar mata cewa ku ma akwai abin da kuke ɓoyewa.

Hanyar da na ga tana aiki ita ce a warware wa yaro yadda satar take, dalla-dalla, domin "kowa" ba shi da fuska amma sa hannu yana da mai shi. Ki ɗauki rufin ajin nan na cikin labarin. A Najeriya akwai dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 da ta ce shekara tara na farko, firamare shida da ƙaramar sakandare uku, kyauta ne kuma dole ne, ga kuma dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Gwamnatin tarayya tana ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigarta ta hannun hukumar ilimin bai ɗaya ta ƙasa, UBEC, amma jiha ba za ta ɗauki kasonta na gine-gine ba sai ta ajiye daidai adadin daga aljihunta, shi ya sa ake yawan jin kuɗi na kwance a Abuja jihohi ba su je sun ɗauka ba alhali yara na zaune a ƙasa. In kuɗin ya fito kuma, akwai wanda ya ƙiyasta kuɗin aikin, akwai wanda ya ba da kwangilar, akwai ɗan kwangilar da sau da yawa sayar da takardar yake wa wani ya cire nasa, shi wanda ya saya sai ya rage siminti ya sa katakon da bai bushe ba da kwano mai laushi don ya fitar da riba, sannan akwai injiniyan da ya zo dubawa ya sa hannu cewa aiki ya yi, akwai mai biyan kuɗi, akwai hedimasta da ya karɓi makulli yana ganin bangon na tsagewa. Ki zauna da ita ku lissafa su a takarda. Sai ki tambaye ta, a cikin mutanen nan da mutum ɗaya ya ce ba zan sa hannu ba me zai faru, kuma me zai same shi? Nan za ta gane cewa rufin ba ƙaddara ce kawai ta rufto da shi ba, mutane ne suka yi zaɓi ɗaya bayan ɗaya, kuma za ta gane ƙin sa hannun ma yana da tsada, ana yi wa mutum canjin wurin aiki zuwa ƙauye, ana hana shi ƙarin girma, amma akwai masu yi.

Haka shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016, naira 70 aka ware wa kowane yaro a rana a farkonsa. Ki ba ta wannan lissafin ta yi da kanta, in kowane hannu da kuɗin ya bi ya ɗan tsakura me zai rage a kwanon yaro. Yara suna son irin wannan, sun fi gane shi fiye da wa'azin awa guda.

Sannan ki nuna mata masu gaskiya da idonta, don suna nan. Kowace zuri'a tana da wani kawu da ya yi aikin gwamnati shekara 35 ya yi ritaya a gidan haya, wanda dangi ke yi wa kallon bai da wayo. Ki kai ta wurinsa ta gaishe shi ta tambaye shi. Abin takaici mu da kanmu muke rusa darajar irin waɗannan mutanen a gaban yara, muna yabon wanda ya gina bene cikin shekara biyu da samun muƙami muna cewa Allah ya buɗa masa, yara kuma suna ji. Addini ma ai ba baƙon zance ba ne a wurinta, tun tana ƙarama a Islamiyya ta haddace Suratul Ma'un mai maganar wanda ke tunkuɗe maraya kuma baya kwaɗaitar da ciyar da miskini, ta ji hadisin da aka la'anci mai ba da cin hanci da mai karɓa. Abin da ya faru shi ne yanzu ta haɗa abin da ta haddace da abin da ke bakin get ɗinku, in kika tsawata mata a kan haka me kike koya mata game da karatun nata?

Wani abu da nake gani a zaman Asabar wanda ke sa ni ƙara riƙo da irin waɗannan labaran, kin san yadda garin nan ya rabu tun rikicin 2001, unguwannin Musulmi daban na Kirista daban, akwai yaran da suka girma ba su taɓa shiga unguwar juna ba. Amma in aka zo kan labarin kuɗin makaranta da aka cinye, yarinya daga Tudun Wada da yaro daga Unguwar Rogo magana ɗaya suke yi, ajinsu duka yana yoyo, duka an taɓa koro su saboda kuɗin da aka ce babu shi a doka. Ba kasafai suke samun abin da suka yarda a kansa haka ba, ni kam ba zan so a rufe wannan ƙofar ba.

Maganar tambayar da ta yi wa babanta, na san ta yi nauyi, a tarbiyyarmu ɗa baya tuhumar uba. Ki gyara mata yadda ake tambaya, lokaci da murya da ladabi, amma kar ki kashe tambayar. Alhaji ya zaunar da ita ya faɗa mata, wannan albashi ne, wannan ribar shago ce, wannan bashin banki ne ko adashi da muke biya. 'Yar shekara 15 za ta gane, kuma za ta ƙara ganin girmansa don ya ɗauke ta mai hankali. In aka ce mata "ba ruwanki" ita za ta cike gurbin da kanta, kuma da abin da ya fi muni za ta cike.

Ki karanta littafin ke ma dan Allah, ba don ki kama laifi ba, don ku sami abin hira. Ki tambaye ta wa ya fi ba ta haushi a ciki, wa ta ga ya yi ƙoƙari, da ita ce uwar yarinyar za ta hana tallar kuwa alhali da kuɗin awarar ake cefane? Wannan tambayar ta ƙarshe tana da amfani sosai don tana hana yaro saurin yanke wa iyayen talakawa hukunci. In tana so ta yi wani abu a aikace kar ku fara da ɗaukar hoto ana raba shinkafa a titi a ɗora a sitatus. Ku fara da cikin gida, in akwai yarinya mai aiki a gidan tana zuwa makaranta kuwa, wa ke biya mata, yaushe take hutawa? Almajirin da ke zuwa muku wanke-wanke kun san sunan malaminsa da garinsu, yana da bargo? Abu ɗaya da za ta riƙe shekara guda, kamar koya wa yaro ɗaya karatu duk yamma ko biyan kuɗin littattafansa daga kuɗin kashewarta, ya fi rabon kaya na rana ɗaya.

Inda za ki damu da gaske shi ne in abin ya wuce fushi, ta daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace mata, ta daina shiga ƙawaye ko karatunta ya faɗi har ya wuce sati biyu a haka, to wannan ku ga likita, wataƙila akwai wata damuwar da littafin ya taɓo kawai. Ƙannenta kuma da ba su kai 12 ba kar a miƙa musu kai tsaye, ki fara dubawa ko akwai wurin fyaɗe ko mutuwar yaro da aka zayyana filla-filla, in akwai ki jinkirta ko ku karanta tare ki riƙa tsayawa kina bayani. Makarantar kuwa in za ki je, ki je ki tambayi malamar ko suna tattauna littafin a aji bayan an karanta ko kuwa jarrabawa kawai ake yi a kansa, in ba sa yi ki roƙe su su ware ko darasi ɗaya ne yaran su faɗi abin da ke ransu.